Garmaho a Gindin Tsamiya

Zamanin mulkin Faransa, Illo ya dawo Kore Mairuwa daga cin rani a Kumasi da garmaho, akwatin kiɗa mai faifai. Ya kunna shi gindin tsamiyar bakin rijiya, inda Doguwar gari take zaune. Tun ranar ruwan rijiyar yake ja baya. Kakarsa Ajuma, mai kula da Doguwar, ta iske shi da hantsi.

"...lahiya lau, amaryata. Ina gajiya?"

"Gajiya tana gidanku, mijin banza! Mi ka yi wa Doguwa?"

"Kiɗa na yi mata kyauta."

"Kyauta? Ta ji goge yana kiran sunanta, ta sauko da adonta. Ba mai goge, ba 'yan bori, sai akwati da baki kamar na kwaɗo! Ka taɓa kiran babba ka bar shi tsaye?"

"Ai ta yi rawa. Ganye ya kaɗa."

"Rawa? Faifanka ya maƙale wuri ɗaya, baiwar Allah tana ɗaga ƙafa guda har ta yi targaɗe!"

"Iska da targaɗe? Tsohuwa, haƙoranki sun zube, ƙarya ta samu ƙofa."

"Wanda bai san dawa ba shi ke ce wa kura ina kwana. Jiya Sambo mai goge ya goga har yatsunsa suka kumbura, ta ƙi saukowa. Ta ce ba a yi mata wayo sau biyu. Yanzu guga laka yake kwasowa. Akwatinka za mu sha?"

Illo ya dubi matan da ke wucewa da tuluna wayam, murmushinsa ya ragu.

"To mi take so, uwar rigima?"

"Jar akuya. Kuma ka buɗe cikin abin nan gabanta, ta gani da idonta ba ka kulle makaɗi ciki ba. Kwana take tana kukan tausayinsa."

"Akuyar ita za ta ci ko ke?"

"Ni bakinta ce, ɗan nema!"

Illo ya tuntsire da dariya, ya jawo turmin atamfa daga jaka ya aza mata a cinya.

"Na faɗi. Gobe akuya tana gindin tsamiya."

Ajuma ta shafa atamfar, ta harari garmahon.

"Ɗauko shi mu tahi bayan rumbu. Ka murɗa a hankali, kada ta ji ni ma na saurara."