Filafili Mai Baki Biyu

Me ya sa mijina, Malam, ya bar ni shekara arba'in ina taƙama da abin da ban iya ba? Har yau ban samu amsa ba, wanda zai ba ni kuwa yana ƙasa. Ko zan manta komai, ranar da muka je Hatta ba za ta fita a raina ba. (Matar ɗana ce ke rubuta mini, ni ban yi karatu ba. Tana wurin ranar, amma sai yau za ta ji gaskiya.)

Mu mutanen Yauri ne. Akwai inda kogin Kwara ke matsewa tsakanin duwatsu, ruwa na tafasa fari fat, ya ci kwalekwale ba adadi. Da ƙuruciya ni da Malam mun sha ratsa shi da lodin albasa, ina gaba da filafili, yana baya. Babu jikan da bai haddace labarin ba, kuma a bakina kullum ni ce ke fitar da mu.

Ɗanmu ya kawo mu Dubai a duba zuciyar Malam, muka sauka gidansa a unguwar Karama. Wata Juma'a ya ce a je Hatta a sha iska. Ruwa ne kore shar, kwance tsakanin duwatsu, ana ba da hayar wasu ƙananan jirage na roba kamar ɓawon gyaɗa. Na taɓe baki na ce, "Wannan ai randa ce." Jikoki suka ce sai Kaka ta nuna musu.

Malam ya ce a hankali, "Hajiya, ɗauki mai cin mutum biyu, in zauna baya."

Na ce, "Da wannan ciwon? Zauna ka sha kallo."

Aka ɗaura mini rigar hana nutsewa a kan hijabi, aka miƙo filafili mai baki biyu. Ma'aikacin wurin zai yi bayani, na ɗaga masa hannu, na ce ya isa. Na tuƙa ta dama kaɗai, yadda na saba tun ina amarya. Jirgi ya juya. Na ƙara ƙarfi, ya ƙara juyawa. In ga dutse, in ga jikoki, in ga dutse, in ga wasu Indiyawa sun saita ni da waya. Ko taku goma ban yi daga gaɓa ba. A cikin juyin nan na gane: duk shekarun can ruwa kawai nake duka, shi ne a baya yake miƙar da mu. Da igiya aka jawo ni, jiri na ɗibata, takalmi ƙafa ɗaya.

Sai Malam ya dubi yara ya ce, "Iskar dutse ce. Ko ni na shiga, haka za ta yi mini." Alhali ko bakin hijabina ba ya motsi.

Ashe ya kamata na gaba ya rage baki, don bai san aikin da ake yi a bayansa ba. Kwana biyu ina fushi da shi, na rasa ma laifin da zan ce ya yi.

Bayan sati uku aka kwantar da shi a asibiti. (Dakata, 'yata, in share ido.) Allah Ya jiƙansa, yau na saɓa masa, don ba zan ci gaba da cin yabonsa ba. Da la'asar ɗin da zai tafi na ce zan gaya wa yara gaskiya. Ya kama yatsana, ya yi murmushi da ƙyar, ya ce:

"Hajiya, bar su a kan iska ce."