Ranar da Zabbi Suka Yi Juyin Juya Hali

Ko zan manta lambar gidanmu na unguwar Withington, ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa tsuntsaye tawaye a gaban shugabar makarantarmu ba.

Lokacin nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ana rufe ɗakunan karatu na unguwa, makarantu na rage malamai. Mu biyu muke koyar da tarihi a wata sakandare a Manchester, sai aka ce kujera ɗaya za ta rage. Shugabar makaranta za ta shiga ajin kowa ta ga kamun ludayinsa. Ni darasin da ya faɗo mini shi ne juyin juya halin Turai na 1848, shekarar da talakawa suka taso wa sarakuna tun daga Faransa har Hangari.

Na yi shiri kamar mai kare digiri. Har na kira yayana da ke Sparkhill a Birmingham, na karanta masa darasin kaf ta waya. Ya ce, "Wallahi ferfect, ƙanwata. Ko Baturiya sai haka." (Da ina da wayo, da wannan "ferfect" ɗin ya ishe ni gargaɗi. Ina Bakanuwa za ta kai wa Bakano gwajin harafin P?)

Kun dai san halinmu: P da F a bakinmu 'yan ɗaki ɗaya ne. Na daɗe ina gadin harshena, amma da zarar na ɗau zafi sai su yi musayar kujera ban sani ba.

Ranar kuwa na ɗau zafi. Shugaba na zaune a bayan aji, ni ina kai da kawo, ina kaɗa hannu. Ina so in ce peasants, wato manoma talakawa, ashe pheasants ke fita. Na ce pheasants sun gaji da yunwa. Na ce pheasants sun ɗauki lauje sun tunkari gidajen masu ƙasa. Na buga tebur na ce sojojin sarki sun buɗe wa pheasants wuta babu tausayi!

Aji ya yi tsit. Na ce a raina, yau na kama su, har hawaye za su yi. Ashe dariya suke dannewa.

Sai Chloe, wata mai bakin tsiya a layin gaba, ta ɗaga hannu, fuskarta salihar gaske.

"Miss, did they roast them after?"

Wai ko an gasa su daga baya. A nan kaina ya kawo wuta. Pheasant ai tsuntsu ne mai kama da zabo, wanda masu kuɗin ƙasar nan ke fita harbi don nishaɗi. Rabin darasi na yi ina ba da tarihin gwagwarmayar zabbi.

Ajin ya fashe. Wani yaro har da fiffika hannu. Na saci kallon shugaba, na ga ta kifa kai, kafaɗunta na rawa. Kunya ta rufe ni, na ji aikina ya bi ta taga, har na fara tunanin me zan gaya wa mai gidan haya.

Chloe ɗin ce dai ta cece ni. Mahaifiyarta na cikin waɗanda aka sallama da aka rufe ɗakin karatun unguwarsu. Ta goge hawayen dariya ta ce, "Same thing, Miss. Posh people shoot them both." Wato duk ɗaya ne, masu hali ke harbinsu su biyun.

Shi ke nan muhawara ta ɓarke. Wa ke da ƙasa? Wa ke biyan haraji? Wa ake fara tsukewa in abu ya yi wuya? Yaran da ko sallama sai an roƙe su, ranar har ƙararrawa ta kaɗa ba su tashi ba.

Kujerar ni aka bar wa (abokin aikina ya samu wata makaranta kusa da gidansa, don haka ban ci haƙƙin kowa ba). Shugaba ta ce ba ta taɓa ganin yara sun riƙe 1848 haka ba. Ta faɗa tana cije leɓe.

Na dai ɗau darasi: kalmar da ta fi ƙarfin bakinka, ka zagaye ta. Washegari na shiga aji da ƙafar dama, na yanke shawarar ba ni ba peasants, poor farmers zan riƙa cewa. Na gyara murya, na buɗe baki.

"Foor parmers."