Faranti Ta Cika a Hannun Suruki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Baba Direba, a madadin kansa da matarsa Inna da sauran mutanen gida, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar kwamfutar hannunsa, wadda kowa ya sani da suna Faranti. Ta cika ne ranar Talata da la'asar, a kan teburin falo, cikinta a buɗe, bayan doguwar jinya da tiyatar da ba a dace ba.

Marigayiyar ba 'yar gidan masu hali ba ce. Ko sunan kamfani babu a bayanta, sai wani tambari da ya goge tun tana sabuwa. Autar gidan ce ta sayo ta a bakin titi, ana gab da tafiyarta aikin jinya wata ƙasa mai nisa, ta damƙa wa mahaifinta ta ce duk sanda suka so ganinta ga hanya. Baba Direba ya juya ta gaba da baya, ya ce wannan ai faranti ne, sunan kuwa ya bi ta.

Waɗanda suka zauna da ita sun shaide ta da haƙuri. Gaggawa dai ba halinta ba ne: in ka taɓa ta, sai ta yi nazari tukuna kafin ta amsa. Ta faɗo daga gado, kusurwarta ta tsage, ba ta fasa aiki ba. Da safe takan ce "tilin" a hankali. In kira ya shigo ta ce "ƙurrr, ƙurrr", ta kawo muryar Auta a dishe kamar mai mura.

Amma babban aikinta ciyarwa ne. Tun da tunanin Inna ya fara gushewa, ta daina gane mijinta. Bawan Allah take ce masa, har takan tambaye shi yaushe zai tafi gidansu. Abinci kuwa, kowa ya kawo sai ta datse baki ta kau da kai. Sai an jingina Faranti da butar shayi, fuskar Auta ta cika gilashin, ta ce Inna a buɗe baki, sannan take buɗewa. Baba Direba na gefe da cokali. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyarin babbar mota, ya koma ɗan riƙon cokali, kuma wallahi bai taɓa jin aikin ya yi masa kaɗan ba.

Ciwon ajalin ya fara ne da ɗaukewar waifai, wato hanyar da take kamo intanet. Ana tsakiyar cin abinci sai fuskar Auta ta daskare, baki a buɗe, Inna kuwa ta rufe nata. Baba Direba ya gwada karkata ta, ya gwada danne kusurwar da yatsa, har abin maƙale shanya ya ɗana mata, ta ɗan ji sauƙi, ciwon ya dawo. Da ya kai ta shago, mai gyaran waya ya buɗe ta ya nuna masa wani ɗan allo, bai fi farcen babban yatsa ba, ya ce shi ne ke kamo waifai, kuma ya ɓalle daga mazauninsa. Za a iya sake haɗa shi da wayoyi sirara kamar gashi, amma sai a bar ta zuwa mako mai zuwa, aiki ya yi masa yawa. Mako guda? Wa zai ci abinci? Baba Direba ya naɗe abarsa ya koma gida.

A nan surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya shigo maganar. Mai wayarin gidaje ne, mutumin kirki, wanda ya bar aikinsa ya taho da jin labari. Ya ce waya ai waya ce. Ya zo da ƙarfen narka dalmar da yake gyaran fanka da shi, ya tsinko wayoyi daga wata tsohuwar caja. Baba Direba ya ga bakin ƙarfen ya fi ɗan allon da za a haɗa girma. Ya yi gyaran murya, ya sake yi. Amma ta ina mutum zai riƙe hannun surukin da ya zo taimako? Ya ƙyale shi ya ci gaba.

Aiki ya tafi lafiya har aka zo kan wayoyi biyu na wuta. Suruki ya ɗan tsaya, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce a duk shekarunsa na aiki ƙwan fitila bai taɓa tambayarsa wace waya ce ta dama ba, ko ta ina ka haɗa zai kama. Gaskiya ya faɗa, a kan ƙwan fitila. Aka kunna. Faranti ta ce "tsss", wani siririn hayaƙi ya tashi, warin ƙonanniyar roba ya cika falon. Maganarta ta ƙarshe ke nan. Mai gyaran waya ya ce wutar ta shiga a juye, ta cinye har uwar allon, babu sauran dabara.

Ta rasu ta bar caja mai naɗaɗɗen wuya, da rigarta ta roba, da abin maƙale shanya. Ta bar suruki wanda har yau bai iya haɗa ido da kowa ba, wanda kafin magariba ya je ya sayo sabuwa, babba, mai haske. Aka jingina wa Inna, ga Auta tar a ciki tana kira. Inna ta dube ta, ta juya ga bango, ta ce ita ba ta san wannan matar ba. Aka gwada wayar salula, ko kallo ba ta samu ba. Kwanaki suka shige tana kan ruwa kawai, leɓɓanta suka bushe. Baba Direba bai riƙe kowa a rai ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro sosai, irin wanda bai taɓa ji a kan hanya ba.

Game da jana'iza, iyalan na sanar da cewa ba za a kai marigayiyar ko'ina ba. An rufe cikinta, an liƙe da salatif, an goge mata fuska. Duk lokacin cin abinci za a zaunar da ita a inda ta saba, a kira Auta a wayar salula, a ɓoye wayar a bayanta, a ƙure murya. An gwada jiya. Inna ta daɗe tana kallon baƙin gilashin, tana sauraren muryar 'yarta, sannan ta ce:

"Auta, me ya sa kike zaune a cikin duhu?"

Auta ta ce an ɗauke musu wuta ne. Inna ta yi faɗa a kan wane irin gari ne wannan, sannan ta buɗe baki, ta ci kaɗan. Baba Direba ya san ba kullum za ta karɓi wannan amsa ba, bai kuma san me zai yi ranar da ta ƙi ba.

Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, da murya ƙasa-ƙasa. Wanda ya shiga duba Inna, kada kalmar mutuwa ta fito daga bakinsa. In ta tambaye shi ko an kawo wuta a garin su Auta, ana roƙonsa don Allah ya ce ba a kawo ba tukuna.