Kujerata da Farin Leshin Gwaggon Ango

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙawata Hadiza a Shinkafi ba, ko da na so in manta.

Tun ina sakandare a Ƙaura nake laɓewa a rumfar Kawu Sani masassaƙi, in ya tafi masallaci in ɗauki gizagonsa. Ana ta cewa sassaƙa ba aikin mace ba ne. Ni kuwa a ce kar in yi abu, an sa ni ke nan. Da biki ya matso na ce wa Hadiza kar ta sayi kujerar tsugunno, ni zan sassaƙa mata.

Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Busasshen ice na samu, na goge da samfefa har ya yi sulɓi. Saura in mayar da kujerar baƙa. Kawu ya ce, "Ki gasa ƙarfe shi yi ja, ki bi ta da shi sannu-sannu, sannan ki shahe ta da man gyaɗa, ki bari ta sha." Ƙafa ɗaya na yi, hayaƙi ya cika min ido. (Ranar rabon haƙuri ba na gida.) Na ɗauko baƙin man takalmin yayana na lafta mata gwangwani guda. Ta hau ƙyalli kamar takalmin ɗan sanda.

Ranar kai amarya ɗaki ya cika, ga zafi. Gwaggon ango ta shigo cikin farin leshi. Hadiza ta sha gaya min duk amaryar da matar nan ta ƙi a gidan, ta shiga uku. Gwaggo ta ce gwiwarta ba ta son tabarma. Wa ya yi zumbur ya miƙa kujera? Ni.

"Wa ya sassaƙa wagga?"

"Ni ce, Gwaggo, da hannuna!"

"Madalla da ɗiya."

Ta zauna tana yi wa amarya nasiha, zufa na aikinta. Da ta miƙe ta juya, sai ga baƙin faifai shirim a bayan leshi. Wata tsohuwa ta ce, "Hajiya, bisa tukunya kika zamna?"

Gwaggo ta shafa, ta sansana yatsa, ta zuba wa Hadiza ido. Kukan amarya ya koma na gaske.

Na ce, "Gwaggo, wallahi ba ruwanta, ni ce."

"Na sani. Ai da bakinki kika shelanta. Ɗauko sabulu."

Hadiza ta ciro sabuwar atamfa daga akwatinta ta ba ta ta ɗaura. Nan Gwaggo ta saki fuska har tana cewa "amaryarmu". Ni kuwa ina tsugunne tsakar gida gaban 'yan biki, da kwalliyata, ina cuɗar leshi, 'yan mata na tambaya ko ina goge takalma ma.

Yanzu duk abin da na shafa wa ice sai na murza farin ƙyalle a kai na gani. Kuma in an tambayi wanda ya yi kujera, shiru nake yi sai mai zama ya tashi lafiya.