Rasuwar Mai Baki Biyu, Rakodar Gidanmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni babbar 'yar gidan, a madadin Baba da ƙannena, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa kawo kaset gidanmu a kwafa masa, cewa rakodarmu wadda aka fi sani da Mai Baki Biyu ta riga mu gidan gaskiya. Ta cika da hantsi, a kan teburin da ta saba zama a ɗakin Baba, bayan doguwar jinya, tana tsakiyar aiki.

An laƙaba mata wannan suna ne saboda gidan kaset biyu gare ta, ɗaya na saurare, ɗaya na ɗauka. Amma duk wanda ya zauna da ita shaida ne ba ta taɓa yin baki biyu ba. Abin da ka faɗa mata shi za ta maimaita, da tarinka da in-inarka, ba ragi ba ƙari.

Ta shigo gidanmu tun ina goye. A lokacin Baba direban babbar mota ne, idan ya tafi sai a yi wata da watanni ba a ga ƙeyarsa ba. Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta iya rubutu ba, kuma ba ta yarda wani ya riƙa rubuta mata abin da ke tsakaninta da mijinta ba. Shi ya sa Baba ya ɗauko wannan baƙar rakoda a kafaɗa ya dire mata a tsakar ɗaki, ya nuna mata jan maɓallin ɗauka. Daga nan Inna ta samu sakatariya. Takan kore mu waje, ta rufe ƙofa, ta zauna gaban rakodar kamar mai baƙo, ta yi maganarta, sannan a ba wani abokin aikin Baba kaset ɗin ya kai masa inda yake. Shi kuma ya saurara a mota, ya dawo da kaset ɗin, a sake ɗaukar sabon saƙo a kansa. Haka saƙo ke cinye saƙo shekara da shekaru, har ya zama guda ɗaya tak ya rage, na ƙarshen da ta yi kafin Baba ya ajiye tuƙi.

Marigayiya Mai Baki Biyu ta yi wa unguwa hidima. Ta kwafi karatu, ta kwafi waƙa, ta ɗauki kukan farko na autanmu, ta ɗauki faɗan da muka yi a kan sabulu ba mu san tana ji ba. Ba ta da ciye-ciye, in babu wuta batir ya ishe ta. Ta taɓa faɗowa daga kan tebur hannunta ya karye, aka ɗaure da waya, ba ta fasa aiki ba. Muna tuna ƙas ɗin da takan yi idan kaset ya ƙare, da ɗan shuuu ɗin da take fara yi kafin murya ta fito, kamar mai gyara zama.

Amma babban aikinta ya fara ne bayan rasuwar Inna. Idon Baba ya yi rauni, fita ta ragu, abokan tuƙi suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kullum idan ya karya kumallo sai ya lalubi maɓallin ya danna, muryar Inna ta cika ɗakin. Inna kuwa ba ta iya magana da mutum ba tare da ta ba shi wurin amsawa ba, ko da mutumin yana bayan duwatsu. Saboda haka a cikin kaset ɗin, duk tambayar da ta yi sai ta ɗan yi shiru.

"Baban yara, ina kwana? Ya gajiyar hanya?"

Sai shiru. A cikin wannan shirun Baba ke amsawa. Kuma ba amsa ɗaya yake maimaitawa ba. Idan ta ce ya bayan naka, sai ya gaya mata yadda bayan ya kwana a ranar. Idan ta ce yaran nan sun ishe ni, sai ya ce ai sun girma, babbar ma ta fara furfura. Mu da ke wucewa ta ƙofa mun saba, har jikoki sun san ba a shiga ɗakin Baba idan suna hira da Inna.

Ciwon ajalin ya fara a hankali. Da farko muryar ta dushe, kamar Inna na magana ta bayan bargo. Muka kira mai gyara, wani dattijo da ke da rumfa a bakin titi, wanda shi kaɗai ya rage a kusa da ke taɓa irin waɗannan injuna. Ya naɗa auduga a tsinken ashana, ya tsoma a sifirit, ya goge ɗan ƙarfen nan da zaren kaset ke gogawa. Audugar ta fito jawur da datti, muryar ta washe, muka yi ta murna. Ba a daɗe ba sai ta koma jan magana, muryar Inna ta yi kauri tana tangaɗi. Mai gyara ya buɗe cikin ya ce bel ɗin roba ne ya saki, kuma ba a samun irinsa yanzu. Ya jefa shi a tafasasshen ruwa ya ɗan tsuke, ya mayar. Bayan haka wani gurnani ya shigo, aka gano daga wayar wuta ne, aka koma batir kawai.

A wannan zuwan ne mai gyara ya ja ni gefe ya ce rakodar da kaset ɗin tsufa suke yi tare. Ya ɗaga kaset ɗin a haske ya nuna mini inda zaren ya koɗe, daidai wuraren da Baba ya fi tariyowa. Ya ce mu kwafe shi a wani tun da sauran murya a jiki. Autanmu ya ce abu mai sauƙi, a kara waya a bakin lasifika a ɗauka. Baba ya ƙi. Ya ce maganar da matarsa ta rufe ƙofa ta yi masa ba za ta shiga abin da ke yawo hannu-hannu ba, in za a kwafa, Mai Baki Biyu ce za ta kwafa, ita ce ta san sirrin tun farko. Ba mu ja da shi ba.

Samun kaset ɗin da za a ɗauka a kai ma aiki ne. Da ƙyar wata maƙwabciya ta tono mana tsofaffi guda biyu a ƙasan akwatinta. Muka saka na farko, jan maɓallin ya ƙi dannuwa, ashe an ɓalle 'yar ƙofar da ke bayan kaset ɗin, sai da muka liƙe ramin da salatif. Da muka ɗauka muka saurara, sai ga tsohuwar waƙar da ke kan kaset ɗin tana leƙowa a ƙarƙashin muryar Inna. Muka goge shi sau biyu kafin ta yi shiru. Muka sake ɗauka. Wannan karon muryar ta fito, amma tare da ita akwai carar zakaran maƙwabta, da ƙarar bokiti a tsakar gida, da tarin Baba. Mai gyara ya ce makunnin da ke rufe makirfo ya ci tsatsa, kunnen rakodar ya zauna a buɗe, duk abin da aka yi a ɗakin sai ya shiga. Ba shi da magani sai dai a rufe taga, kowa ya kama bakinsa har a gama.

Muka rufe taga, muka kai jikoki maƙwabta, muka zauna jugum. Na danna. Inna ta yi sallama, ta tambayi gajiyar hanya, ta yi shirunta. Na dubi Baba. Ya daure a tambaya ta farko. A ta biyu, da ta tambayi bayansa, ya kasa.

"Da sauƙi," ya ce a hankali. "Jiya dai ya ɗan matsa mini."

Auta ya dube ni, na girgiza masa kai. Muka bar su suka yi hirarsu har kaset ya yi ƙas. Na cire kwafin na ajiye a gefe a matsayin wanda ya lalace, na ce gobe ma rana ce.

Washegari Baba da kansa ya ɗauki sandarsa. Ya ce tunda bakinsa ba ya jin magana, bari ya koma waje ya zauna a jikin bango, mu kira shi idan mun gama. Na saka kaset na biyu, na danna maɓallan. Shuuu ɗin nan ya zo, Inna ta yi sallama, ta ce "Baban yara," daga nan muryar ta karkace. Sai wani ƙurrr, kamar ana murƙushe busasshen ganye. Na danna tsayawa, ba ta tsaya ba. Kafin Auta ya zare batir, warin ƙuna ya tashi daga bayanta. Ba ta sake motsi ba.

Ƙofar kaset ɗin ta ƙi buɗuwa sai da mai gyara ya zo da sukurdireba. 'Yar robar da ke jan zare ta bushe ta yi danƙo, ta naɗe zaren a jikinta, ta tauna shi, ta miƙar da shi har ya koma siriri kamar zaren ɗinki, ya tsinke a wurare da yawa. Injin kuma ya ƙone. Dattijon nan ya tafi da kaset ɗin rumfarsa, ya wuni yana warwarewa da biro, yana miƙar da zaren a kan gwiwarsa, yana haɗa tsinkakkun wurare. Da ya saka a tasa rakodar, babu abin da ya fito sai iska da gutsattsarin kalmomi. Ya cire tabarau ya ce mu yi haƙuri.

Ni na gaya wa Baba. Bai yi faɗa ba, bai nemi mai laifi ba. Ya shafa saman rakodar ya ce ta yi iya ƙoƙarinta, ita ma tsohuwa ce. Ya yi kwanaki yana karya kumallo ya zauna hannunsa a kan tebur.

Sai na tuna da kwafin da na ajiye a gefe. Mai gyara ya ara mana wata 'yar ƙaramar rakoda, muka saka wa Baba. Saƙon Inna na nan cif, daga sallama har addu'ar da ta rufe da ita, muryar tas. Kuma a kowane shiru da ta bari, ban da na farko, ga muryar Baba a ciki. Ta ce ya baya, ya ce da sauƙi. Ta ce kada ka riƙa tuƙi da barci a ido, ya ce ai na daina tuƙin ma gaba ɗaya. Ta yi dariya a kan wani abu da na yi ina ƙarama, shi ma ya yi, dariyar biyu ta haɗu. Ni da Auta muka kasa kallon juna. Na ɗauka Baba zai ji daɗi, kuma ina jin ya ji, don ya sa an maimaita masa. A karo na biyu na ga ya buɗe baki a wurin tambayar ciwon baya, amma muryarsa ta cikin kaset ta riga shi. Ya rufe bakin. Da aka gama ya juyo wajena.

"Uwata," ya ce mini, don haka yake kirana, "Innarku ta samu mai amsa mata. Na cikin kaset ɗin nan kullum da sauƙi zai ce, ko bayan ya kwana yana ciwo."

Tun daga ranar yana saurare, amma ba kullum ba, kuma ba ya cewa uffan.

Marigayiyar ta rasu ta bar Baba, wanda ya fi kowa rashi. Ta bar mu 'ya'yan gidan da ta san muryoyinmu tun ba mu iya magana ba, da jikokin da ke tambaya me ya sa Inna ta daina jiran Baba. Ta bar kwali guda na kaset marayu, wasu babu suna a jiki, da biron da ya tsufa a aikin tariyo zare, da batura huɗu masu sauran rai waɗanda aka mayar cikin tocila. Muna miƙa godiya ga mai gyara, wanda ya yi jinyarta kamar tasa, da maƙwabciyar da ta ba da kaset ba ta tambayi na mene ne ba.

Game da jana'iza: masu sayen tsohon ƙarfe sun riga sun leƙo, an ba su haƙuri, kada su sake wahalar da kansu. Mai gyara ya nemi a ba shi lasifikokinta biyu ya dasa wa wata mai rai, Baba ya ce a bar ta ta tafi da jikinta cikakke. Za a goge ta, a mayar mata da tsinkakken kaset ɗin cikin bakin da ya tauna shi, a naɗe ta da wani tsohon zanen Inna, a ɗora ta a saman kabad ɗin ɗakin Baba ranar Asabar da safe. Iyali kawai za su halarta.

Masu zuwa ta'aziyya za su sami Baba a ƙofar ɗakinsa kowace rana da hantsi. Muna roƙo kada a kawo sabuwar rediyo, an kawo guda biyu suna nan a kwalinsu. A zo da hira kawai. In kun tambaye shi ya jiki, kada ku wuce zuwa wata magana. Ku ɗan jira shi, yakan daɗe kafin ya fara, amma yana da abin faɗa.