Karkaren Ƙarya a Zauren Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da faratan hannuna suka kusa raba ni da aure ba. A shekarun tamanin ne, ina koyarwa a wata firamare a cikin birni, ga sabon keke ga gashin baki, ina jin duk Zazzau babu ɗan zamani kamata.

Abin ya faro ne a unguwar Kongo, a ɗakin abokina Mista Bulus, inda na tarar yana kaɗa jita. Ba irin ta 'yan rawa ba ce, wannan da yatsu ake taɓa ta a hankali, sautin na zubowa kamar ruwa daga buta. Nan take na kamu. Ya ara mini tsohuwar jitarsa, ya koya mini wani ɗan kiɗan Turawan zamanin da, layi huɗu kacal, na 'yan koyo, mai sauƙi da daɗi. Na rantse shi zan kaɗa wa Bilkisu, yarinyar da nake nema, ranar da ta tare. (Gidanmu gidan malamai ne, don haka a cikin buhu jitar ta shigo birni, ta zarce ƙarƙashin gado.)

Na lura faratan hannun daman Bulus dogaye ne, a goge tas. Ban tambaye shi ba, ni kaɗai na yanke hukunci cewa sirrin kiɗan a farce yake. Wata biyu ina kiwon farata huɗu kamar ragon layya. Na koma cin tuwo da cokali, wai likitoci ne suka ce. In na jiyo ƙarar almakashin mai yankan farce, sai in canja lungu. Daɗi nake ji kamar in tashi sama, alhali kiɗan kullum a layi na biyu yake maƙalewa.

Ana haka sai saƙo ya zo, Malam, mahaifin Bilkisu, yana son ganina ranar Juma'a da la'asar. Mutumin da aka ce ya taɓa sallamar wani manemi don kawai ya ji shi yana fito a ƙofar gida, ina ga makaɗi? Mai hankali da sai ya yanke farcen ya huta. Ni kuwa na sayi bandeji, na naɗe hannun har wuyansa, na ɗiga jan magani a kai don ya yi kyau. Na shirya cewa karkare ne, ciwon yatsan nan mai hana barci. Har madubi na duba ina gwada yamutsa fuska.

Na iske zauren cike da dattawa masu ɗaukar karatu. Na durƙusa na gaida Malam, ina tallafe da hannu kamar jariri. Ya tambayi abin da ya same ni, na faɗa da muryar marasa lafiya. Sai na ga fuskarsa ta washe, dattawan kuma suna ta yi mini barka, wai na zo gidan magani. Ashe tun daga ƙauyukan Dutsen Kufena ake takowa wurin Malam neman tofin karkare, Bilkisu ba ta taɓa gaya mini ba.

"Matso, ɗana, mu gani."

Na ce ai ya yi sauƙi. Na ce an hana buɗewa. Na ce kar in ɓata masa karatu. Malam dai ya kama bakin bandejin ya shiga warwarewa a hankali don kar ya fama mini, yana yi mini sannu a kowane zagaye, ni kuma don tsabar rashin kunya ina amsawa. Zagayen ƙarshe ya faɗi, sai ga yatsu lafiya lau, da farata huɗu suna ƙyalli.

Malam ya juya hannun, ya sake juyawa, ya ce, "Shekara talatin ina tofi, ban taɓa ganin karkare mai ƙoshin lafiya irin wannan ba."

Kunya ta sa na amayar da komai, har buhun. Na riga na sallama Bilkisu a raina. Malam ya tambaya ko ina zuwa biki a yi mini liƙi, na ce a'a. Ya tambaya kiɗa nawa na iya.

"Allah gafarta Malam, ɗaya ne. Shi ma rabinsa."

"A wata biyu?" Ya dubi dattawan. "To alhamdu lillahi, wannan ba makaɗi ba ne."

Aka aika aka kira mai yankan farcen nan da nake gudu, ya zauna a tsakiyar zaure ya yi aikinsa, dattawa suna danne dariya da bakin rawani. Da na kai wa Bulus ƙorafi, sai da ya riƙe ciki, ya ce ɗan koyo ba ya buƙatar farce, da tsokar yatsa ma kiɗan ya fi taushi.

An ɗaura auren bayan salla. Ranar da Bilkisu ta tare na kaɗa mata layi biyun nawa, ta ce da daɗi, ina sauran? Har yau tana jira. Malam kuwa har ya bar duniya, in na je gaisuwa hannuna yake fara dubawa kafin fuskata.

Abin da na koya shi ne, in za ka ƙirƙiri ciwo, fara bincika ko surukinka ne mai maganinsa. Kuma kar ka raina rashin iyawarka, ni dai shi ya aurar da ni.