Ranar da Aka Jira Motata a Tsafe

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai amaryar Hauwa'u ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Gusau, abin hawana wani tsohon babur da sai an lallashe shi kafin ya tashi. Amma ina da ciwon motoci. Da na taso daga ofis a gajiye sai in kwanta in yi ta duba labarin motocin nan na alfarma, har da waɗanda kamfani ke ƙera guda ɗaya tak don nuni. Wata rana na ga wata ja, ƙasa-ƙasa kamar kunkuru, ƙofofinta na buɗewa sama. Na ɗora hotonta a sitatus na rubuta, "Alhamdulillah, ta iso." (Nufina ta iso duniya. Ban san abin da ya hana ni ƙarasa maganar ba.)

Washegari Inna Rabi, ƙanwar mahaifiyata da ke Tsafe, ta kira ni. Ɗiyarta Hauwa'u za a kai Bungudu ranar Asabar.

"Na ga abin arziki, Allah shi sanya albarka. Ranar Asabar ka taho da ita da wuri, ka ji?"

Na ce to, Inna. Wallahi na ɗauka matata Zainab take nufi, don tana da ƙaramin ciki a lokacin.

Asabar na goya Zainab a bayan babur muka kama hanya. Sau biyu yana mutuwa kafin Kwatarkwashi. Muka isa Tsafe bayan azahar, babbar rigata ta jiƙe da zufa, Zainab ta daina yi mini magana tun a hanya.

Ƙofar gida cike da mata. Motoci biyu na tsaye, an bar wani fili a gaba, an share shi har da yayyafa ruwa. Ina kashe babur guɗa ta tsaya cak. Inna ta fito da sabon leshi, tana leƙen bayana.

"Ina take?"

"Ga ta nan, Inna," na nuna Zainab.

"Kai, wannan ai na san ta. Motar nike tambaya, mai fukafukai! Ita za ta ɗauki amarya, har dangin ango na gaya ma."

A nan na gane. Ashe saboda ni aka fasa ɗaukar mota ta uku. Na tsaya gaban mata sun fi hamsin ina bayanin cewa motar ba tawa ba ce, ba a ma sayar da ita, kuma ko an kawo ta ramin farko a hanyar nan zai cire mata ciki. (Har kujeru na ce biyu ne kacal, kamar wannan ne zai taimake ni.)

Inna ta dube ni. "Wato ko masu ita ba su hau ba?"

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Allah shi kyauta."

Rana na yin sanyi, kuma ba mai son yamma ta same shi a hanya. Ni aka tura tasha. Na samo wata bas da ta sauke buhunan barkono, ƙawayen amarya suka yi ta atishawa har Bungudu. Hauwa'u dai an matse ta a motar kawunta, tana kuka, ban sani ba ko na rabuwa da gida ne ko nawa ne.

Inna ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayata. Har yau in na je Tsafe, dangi kan tambaye ni ko na bar motar wurin kanikawa ne.

Ina kallon motocin har gobe, wannan ciwo ba shi da magani. Sai dai yanzu in zan yi wa Allah godiya a bainar jama'a, ina fara tabbatar da makullin abin na aljihuna.